Na Sauka Kwari, Inna

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Allah, Ya yalwata miki makwanci. Auta ne. Kin san karatuna bai wuce aji uku na lakwal, wato makarantar boko, ba, saboda haka in kin ga magana ta karkace ki gyara da kanki, kamar yadda kika saba gyara min wuyan riga in zan fita. A salula nake rubutawa, kuma zan sa ta inda mutane za su gani. Na san da kina nan sai kin ce ba a shanya maganar gida a waje. Ki yi haƙuri da ni. Masu irin ciwona suna da yawa a Gure, kowa yana ɗakinsa yana zaton shi kaɗai ne.

Ga abin da ya kawo ni. Na sauka kwari. Na koma garkarki, wadda kika riƙe hannuna kika ce kar in sake taka ta. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakina.

Kin tuna ranar da abin ya fito fili. Kin biyo ni da fura da rana tsaka, kika tarar da ni zaune a bakin rijiya, guga a cikin ruwa, igiya a hannuna, albasa duk ta kwanta don ƙishi. Kika kira ni ban amsa ba. Kika taɓa kafaɗata, na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Kika yi ta tambayata me na gani.

Ban ga komai ba, Inna. Tun a ranar ya kamata in faɗa, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Gugan ne ya yi min nauyi. Na dube shi, na dubi albasar, na ji ko na ja ruwan ko ban ja ba duk ɗaya ne. Kuma abin bai fara a ranar ba. Ya daɗe yana bina. In na farka da asuba, kafin in tuna ko wane ne ni, gabana ya riga ya faɗi. Ƙirjina yana fizga kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Ba bashi a kaina, ban yi faɗa da kowa ba, amma ina jin kamar ana tafe da mummunan labari, kuma ni za a kawo wa.

Mutane suka ce abin kwari ne. Suka ce na zauna a gindin goruba da rana tsaka, lokacin da masu wurin ke hutawa. Aka yi rubutu na sha, aka yi hayaƙi, aka yanka zakara. Daga ƙarshe dattawa suka yanke cewa kar in sake sauka. Ke kuma kika tsaya a kan maganar da ƙarfinki duka. Ko hanyar kwarin na kalla sai ki ce, “Auta, dawo ciki, rana ta yi zafi.” Ko da hadari ya rufe sama haka kike cewa.

Sai na zauna. Kin fi kowa sanin zaman nan. Shekaru suka wuce ni a kan tabarma ɗaya. Na san inda inuwar katanga ke kaiwa a kowane lokacin salla. Na san taɓaryar kowace mace a unguwa da sautinta: ta gidan gabas mai saurin fushi ce, ta gidan liman kuma sai ta huta tsakanin bugu. Na san kazar da ke satar ƙwan wata. Duk wannan na sani, amma in kika ce in je shago in sayo gishiri, sai gumi ya karyo min tun daga zaure.

Masu zuwa gaishe ki suna yaba ni. Suna cewa ɗan nan naki akwai haƙuri, ko tari ba ya yi, ba kamar samarin yanzu ba. Kina murmushi kina cewa Allah Ya shirya. Ni kuwa ina jin su daga ciki, ina cewa a raina da sun san yadda nake so in yi ihu da ba su faɗi haka ba. Haƙurin ina da shi, ban musa ba. Amma wanda suke gani a lokacin rashin ƙarfi ne kawai.

Ban manta wahalar da kika sha ba. Ke ce garka, ke ce gida. Ki fita da sassafe da bidon ɗin ruwa a ka, ki dawo ƙafafunki sun yi fari da kanwa, ki ajiye min yakuwa ko ɗan rogo a gabana ba tare da kin ce daga ina ba, don kar in yi kewa. Ina jin ƙanshin ƙasar kwari a jikin zanenki. Ban taɓa faɗa miki ba, amma in kin shiga wanka nakan matsa kusa da inda kika rataye shi.

Da ciwonki ya yi tsanani, ranar da kika sa aka kira ni da hantsi, kin riƙe hannuna da hannunki mai zafi. Na ɗauka za ki yi maganar salla ko ta aure. Sai kika ce, “Auta, kar ka sake sauka kwarin nan.” Na ce to. Me zan ce?

Bayan rasuwarki na daina cin abinci. Ba da niyya ba, abincin ne ya fita raina. Yaya Bukar ya dawo daga kiwo wajen Alakos, ya ga yadda na koma, ya ce wannan ciwon shawara ne ko zazzaɓin da ya ɓuya a jiki. Ya ɗora ni a bayan babur, ya ɗaure ni da rawaninsa don kar in faɗi, sai likita.

Manjon da muka tarar, wato babban malamin jinya na wurin, ya ɗibi jini ya duba, bai ga komai ba. Na ɗauka zai sallame mu da maganin ƙarin jini. Sai ya ce wa Yaya ya ɗan jira a waje. Ya ja kujera ya zauna. Ya tambaye ni yadda nake barci, da yadda nake ji in na farka, da ko akwai abin da nake so a da wanda yanzu ya fita raina. Bai yi sauri ba. In na yi shiru shi ma sai ya yi shiru. Har ya tambaye ni ko nakan ji gara a ce ba ni a duniya. Na ce nakan ji. Bai yi salati ba, bai zare ido ba, ya gyaɗa kai kawai kamar na ce masa ƙafata ke ciwo.

Ya ce wannan ciwo ne sananne, ciwon damuwa da fargaba, kuma ana maganinsa. Ya tura mu Damagaram wajen likitan da ya san harkar. Inna, a cikin motar dawowa ina ta juya maganar. Ashe abin yana da suna. Ashe akwai layi guda na mutane masu shi, har da wani mai kaki, har da wata tsohuwa mai carbi. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka, tun kafin in haɗiyi ƙwaya ko ɗaya.

Maganin bai yi aiki da wuri ba. Da farko sai bushewar baki da jiri, har na ce wa Yaya a bar shi. Ya ce shi ya sha rana ya kai ni Damagaram, saboda haka ko dutse ne sai na haɗiye. Sannu a hankali na fara jin yunwa. Wata safiya na ji ana soya ƙosai a maƙwabta, na ji ina so. Na zauna ina mamakin kaina. Kin san tun yaushe rabona da son wani abu?

Ana cikin haka maganar garka ta taso. Tun da kika kwanta ba wanda ya kula da ita. Yaya ya je ya gani, ya dawo ya ce tudun rairayi na gabas ya gangaro, ya binne shinge, ya kama dabinai har ƙugu. Ya ce shi makiyayi ne, ba zai bar dabbobi ya zauna jan ruwa ba, ni kuma an hana ni. Gara a ba Malam Gana, maƙwabcinki na kwari, ya haɗa da tasa kafin rairayi ya cinye duka. Ya ce in shekara ta zagayo za a yi maganar a gaban dattawa.

Gaskiya ya faɗa. Amma daga ranar fargabar ta dawo sabuwa. Dabinan nan ke kika dasa su da hannunki, kina goye da ni. In na sauka na saɓa miki. In na zauna na bar su su mutu, ko su koma hannun wani.

Da na koma karɓar magani na faɗa wa manjo. Ya ce ƙwaya tana ɗaukar rabin kaya ne, sauran rabin sai mutum ya samu abin da zai tashe shi da safe. Ya tambaye ni aikin da hannuna ya fi so. Na ce ban ruwa. Ya ce to in koma. Na ce akwai alkawari tsakanina da mahaifiyata, kuma ta rasu. Na jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce shi wannan ya fi ƙarfin likita, in nemi wanda ya isa da ke.

Mutum ɗaya ce ta isa da ke, kin sani. Na hau motar kasuwa na tafi Kelle wajen yayarki, Iya Fanna. Wannan ce tafiyata ta farko ni kaɗai tun da na kwanta. Na zauna a bakin ƙofa don in ga hanya, ina ta karanta duk abin da na iya.

Na same ta tana tsinkar ganye tana zagin awakinta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wushe, wushe, wato sannu, sannu, ashe gawa ma tana hawa mota. Ta ba ni nono, ta bar ni na gama, sannan na zayyana mata komai. Ta ture ganyen gefe. Sai ta ce ita ta yi shekaru tana ɗiban kanwa a kwarin nan tun tana budurwa, masu wurin ko goro ba su taɓa roƙonta ba. Ta ce ke tun kina ƙarama matsoraciya ce, kwaɗo ma in ya yi tsalle sai kin haye bayanta. Ki yafe min, na yi dariya. Ita ma ta yi, sannan ta share ido da bakin mayafi.

Sai ta ce min abin da har yau nake riƙe da shi. “Uwarka a bakin rijiya ta same ka. Abin da ta roƙe ka shi ne kar ka mutu. Ba ta san yadda za ta faɗa ba, sai ta ɗora wa kwari.”

Inna, haka ne? Na yi ta tunani. Na tuna yadda kike ɓoye igiyar guga ta gida a ƙarƙashin gadonki, kina cewa ɓeraye ke ci. Na tuna yadda ba kya barina ni kaɗai in za ki biki, sai kin kira wata ta zauna tana tsince wake a ƙofar ɗakina. Duk ina gani a lokacin, ban haɗa su wuri ɗaya ba sai a tsakar gidan Iya.

Ta ce ita ta goya ki, saboda haka abin da kika ɗaura tana da ikon kwancewa. Amma ba ta yi gaban kanta ba. Ta biyo ni Gure, ta je wajen liman da kanta. Ya ce abin da uwa take nufi shi ake dubawa, a yi miki sadaka a yi miki addu'a. Ta soya waina aka raba wa yara. Washegari ta ɗaura ɗamara ta ce mu tafi.

Gwiwoyinta ba sa iya gangara, saboda haka ta shimfiɗa buhu a kan tudu, ta kafa sandarta ta rataya mayafi ya yi mata inuwa. Ta ce in sauka, tana kallo.

Na fara gangarawa. Rairayi yana zamewa, kunnuwana suna ƙara, zuciyata kamar za ta fito ta baki. A tsakiyar gangaren na zauna. Na ce shi ke nan, gaskiyar dattawa ce, ga shi sun tare ni. Sai na tuna irin wannan bugun ya sha kama ni a ɗaki, a kan tabarma, inda ba goruba ba rijiya. Na yi yadda aka koya min a likita, na ja numfashi a hankali na sake shi a hankali, na kafa ido a kan wani ƙwaro da ke tura kashin raƙumi yana faɗuwa yana tashi. Daga sama na ji muryar Iya.

“Auta! Sun kama ka?”

Na ce a'a.

“To me kake jira, su shimfiɗa maka tabarma?”

Haka na ƙarasa ƙasa ina dariya ina hawaye.

Garkar ta ba ni tausayi. Rijiya ta rufta, sandar jigo ta karye, ƙaya ta cinye inda kike shuka albasa. Dabinai biyu na gabas sun shaƙe, ganyensu ya yi ja. Amma sauran suna tsaye. Lallen da kika dasa a bakin shinge ma yana nan, ya yi kore kamar ba abin da ya faru. Na tsuguna na tona ƙasa da hannu, ban yi nisa ba na ji danshi. Na shafa a fuskata.

Malam Gana ya hango ni ya taho. Na ji kunya, don na san ya ji maganar ba shi garkar. Ya gaishe ni ya tambayi jiki, sannan ya ce shi dama tasa ma ta ishe shi, bayansa ba ya son ƙari. Shi ya koya min tare rairayi, yadda suka koya a aikin furoje, wato shirin tallafi na hana hamada. Ana saro kalumbo, wannan tsiron daji marar ganye, a haƙa rami a jikin tudu a jera rassan a tsaye, layi ya gitta layi kamar ɗakuna marasa rufi. Iska in ta zo sai ta rage gudu ta ajiye rairayin a nan. Na tambaye shi yaushe ake gamawa. Ya ce ba a gamawa, tudu yana nan, kai ma kana nan, duk shekara ka gyara inda ya ɓalle.

Kusan haka manjo ya faɗa min game da ciwona, shi ya sa ban ji tsoron maganar ba.

Kar ki ɗauka na warke sarai. Ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai safiyar da nake tashi jikina kamar an cika min riga da rairayi. A irin ranar na yi wa kaina doka ɗaya: in yi salla, in sha magani, in taka zuwa kan tudu. In na iya sauka, to. In ban iya ba, in zauna a can in kalli garkar daga sama. Malam Gana in ya hango ni zaune ba ya tambaya, sai ya zuba wa albasata ruwa bayan tasa, kamar yadda ake yi wa duk maƙwabcin da ba shi da lafiya. Ni ma ranar da bayansa ya riƙe na yi masa. Wani lokaci abin yakan kwana biyu, wani lokaci ya fi haka. Bambancin kawai yanzu na san yana wucewa, don na ga wucewarsa sau da yawa.

Iya Fanna ta daɗe tana raka ni. Kullum tana kan buhunta tana tauna goro, tana ba masu wucewa labarin da ba su tambaya ba. Ran nan ta ce ta gaji da gadin ƙato, awakinta sun fi ni bukatarta. Ta naɗe buhun ta koma Kelle. Washegari na tsaya a kan tudu ni kaɗai, ba mai kiran sunana. Na ce bismillah na gangara.

Da sanyi ya shigo na hau dabinai na sa wa matan furen namiji, yadda na ga kina sa a yi. Hannuna duk ƙaya, amma sun kama. Da suka nuna, nonon dabinon farko na kai masallaci ranar Juma'a da sunanki. Na biyu na ajiye wa Yaya Bukar.

Ya zo ana gobe za a zauna da dattawa. Ban roƙe shi komai ba, na ce kawai ya zo ya gani. Ya bi layin kalumbo yana taɓawa da sandarsa, ya leƙa sabuwar rijiya, ya tsaya a gaban lallenki ya daɗe. Na miƙa masa dabinon. Ya ci ɗaya, ya ci na biyu, ya juya min baya yana kallon tudu. Kin san Yaya, ba ya son a ga idonsa. Da Malam Gana ya zo gaishe shi, sai na ji yana ce masa a gaya wa dattawa kar su wahalar da kansu gobe, garka tana da mai ita.

Shi ke nan labarin, Inna. Ba ki yi min laifi ba. Kin tsare ni da abin da kika sani, kuma ga shi ina raye. In saukar nan ta ɓata miki, ki yafe min. Amma zuciyata tana ba ni cewa da kin ga yadda nake cin tuwo yanzu, da ke da kanki za ki miƙo min guga.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sanyaya kabarinki kamar yadda kika sanyaya mana. Duk wanda ya ci dabinon nan, mutum ko tsuntsu, Allah Ya kai ladan gare ki. Ya ƙara wa Iya Fanna lafiyar gwiwa, Ya saka wa Malam Gana da manjo da alheri. Masu irin ciwona da ke kwance a ɗaki, Allah Ya haɗa su da wanda zai ja kujera ya saurare su. Amin.

Zan tsaya nan. Rana ta karkata, kuma ban ba albasa ruwan yamma ba.

Ɗanki mai kewarki,
Auta, daga cikin kwari, Gure.